Wani Na Farke a Ciki

A Punta Arenas, inda iska ke fizge hula
ta kai wa teku kyauta,
Herminia Oyarzo ta turo motarta karo na uku.
Ta ce, "Eulogio, batir biyu na saya a hunturun nan.
Lafiya lau nake kashe ta da yamma.
Da asuba in murɗa makulli:
ƙyas, ƙyas, shiru."

Na ce, batir ba shi da laifi.
Tulu ne.
In ka cika tulu da dare ka tarar da shi wayam,
ba rijiya za ka zaga ba,
tsagar za ka nema.

Na kwance kan batir, ɓangaren baƙar waya,
na dasa mita a tsakani kamar mai gadin ƙofa:
duk wutar da za ta fita sai ta bi ta hannunsa.
Na danne sakatar ƙofa, motar ta ɗauka a rufe take,
na zare makulli na rataye shi can nesa.
Sai jira.
Motocin yanzu ba sa barci da wuri,
sai sun yi ƙunƙuni, sun juya, sun sake juyawa
kamar tsoho mai ciwon baya.
Minti arba'in muna zagaya ƙoƙon mate,
ƙanƙara na ƙwanƙwasa kwanon rufi.

Motar da ta yi barcin gaskiya
numfashinta ba ya wuce miliamfa hamsin.
Wannan ɗari huɗu da ashirin take zuƙa.
Na ce, Herminia, wani na farke a ciki.

Na bi fis ɗaya bayan ɗaya, ina cirewa, ina leƙen lamba.
Na rediyo: ko gezau.
Na hita, wanda na rantse shi ne: ko gezau.
Na zargi altaneta, na zare wayarta,
ta wanke kanta tas, na ji kunya.
Yatsuna sun ƙage, filaya na zamewa.
A na goma sha bakwai lamba ta faɗo
kamar dutse a rijiya:
ashirin da takwas.

Layin fitilun ciki ne.
To amma ta rufi a mace take,
ta aljihun gaba ma a mace.

Jikata Rayén, 'yar shekara tara,
tana aikin gida a kan tsohuwar taya.
Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Kaka, ta but fa?"
Na ce, in an buɗe dole ta kama,
in an rufe wa ya gani?
Ta ajiye fensir. Ta ce, "Ni."

Na mayar da fis. Ta naɗe ƙafafu ta shige.
Na sauke murfi a hankali, hannuna bai bar shi ba.
Daga ciki, murya kamar daga ƙasan ruwa:
"Kaka! Rana tsaka ake yi a nan!"

Ashe akwatin kaguwa da Herminia ke kai wa kasuwa
shi ya lanƙwasa harshen makunni.
Wata uku cur, ɗan kwan fitila bai fi farce ba
yana haska safayar taya, da sikeli,
da takalmin roba ƙafa ɗaya,
dare da rana, ba mai kallo,
yana shan batir da cokali.

Na miƙe ƙarfen da filaya. Minti ɗaya.
Herminia ta daɗe tana duban kwan a tafin hannuna.
"Wannan? Wannan ya ci mini batir biyu?"
Na ce, kuɗin nema za ki biya, gyaran kyauta ne.
Rayén ta fito tana warin kaguwa
ta miƙo hannu, wai rabi nata ne.

Washegari, biyar saura, gari bai waye ba,
iska na jijjiga tagata,
wata mota ta wuce ta layinmu
ta yi oda sau biyu.
Na ja bargo, na koma barci.